Abin da Gida Ya Haɗiye: Bauta da Rufin Asiri Daga Tsibiri Zuwa Gazawa

Turawa suna da wani nau'in ƙagaggen labari da suka daɗe suna so. Kullum a tsohon gida mai ɗakuna da yawa ake yin sa, da iyali masu mutunci a idon gari, da wani abu da kowa a gidan ya sani amma ba mai furtawa. Daga cikin waɗanda suka fi suna akwai Jane Eyre na Charlotte Brontë, wanda ya fito a 1847, inda maigida ya kulle matarsa ta fari a ɗakin sama, ya ci gaba da harkarsa kamar ba ta duniya. Abin da masu karatu suka daɗe ba su kula da shi ba shi ne, daga Jamaika aka auro matar, tsibirin da aka gina arzikinsa da gumin bayi, kuma don dukiyarta aka yi auren. Bahaushen ƙasar Maraɗi ba sai an fassara masa irin wannan littafi zai gane zancen ba. A garuruwan da ke jere a kan babbar kwalta, daga Gidan Rumji da Tsibiri, ta Cadawa da Agye, har Gazawa, akwai tarihin da ya shafi gidaje masu yawa, wasu ta wajen wanda ya mallaka, wasu ta wajen wanda aka mallaka, wasu kuma ta duka biyun, kuma an haura shekara ɗari ana kewaye shi ba a takawa. Tarihin bauta ke nan. A ganina wannan shiru da gangan aka yi shi, kuma ya yi aiki: ya ba maza 'ya'yan bayi hanyar zama mutane kamar kowa cikin ɗan lokaci. Amma mata ne suka ɗauki nauyinsa, don a ƙarƙashin shirun ne aka kwashe aikin baiwa aka shigar da shi cikin gida da sunan aure.

Sai an duba yadda aka zauna ƙasar kafin a gane girman abin. Bayan jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, Alƙalawa, birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Katsina ma ta koma hannun masu jihadi. Tsofaffin gidajen sarauta ba su miƙa wuya ba. 'Ya'yan sarakunan Katsina suka yi ƙaura, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajajen 1819. Gobirawa suka yi ta faɗi-tashi har yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar ƙawance, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda. Bayan wannan ne sabon Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi. Daga nan har zuwan Nasara, sama da shekara sittin, wannan yanki bakin daga ne. Da an kawar da amfanin gona, dawaki sai su fita. Maraɗawa da Gobirawa su faɗa wa ƙauyukan Katsina da Zamfara, a zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore har cikin ƙasar Kano. Mutanen Sakkwato da Katsina su ɗaura ɗamara su rama. A irin wannan yaƙi ganimar da ta fi kowace daraja mutum ne, don shi ke tafiya da ƙafarsa, kuma da shi ake sayen doki, da dokin kuma ake kamo wani.

A watan Janairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Tasawa ya sauka Gazawa a kan hanyarsa ta Katsina. Ya tarar da gari kewaye da kafi mai ƙarfi da gwalalo mai zurfi, don shi ne na ƙarshe a kudu cikin garuruwan da ke tare da Maraɗi da Gobir, shi ke fara shan hari. Daga nan zuwa ƙasar Katsina daji ne wanda yaƙi ya kore mutanensa, da kangon Ɗankama a cikinsa, matafiya ba sa ratsa shi sai sun taru sun yi ayari. Wanda ya san yadda gonaki suka haɗe a wannan wuri yau, har makiyayi na rasa burtali, zai yi wuya ya yarda da cewa akwai lokacin da mace ba ta isa ta yi nisa da kafi neman itace ba. Tsoron kamu ya shiga har cikin al'adar suna. Ran bakwai wanzami zai zauna da askarsa ya ja wa jariri zanen gidansu, na Gobirawa layuka ne da ke tashi daga gefen baki su bazu zuwa kunne, a shafa baƙi a jira ya warke. Ado ne, shaidar asali ce, amma yana da wani amfani na uku: in aka sace yaro aka kai shi kasuwar nesa, wani fatake zai iya ganin fuskarsa ya gane ɗan wane gari ne, labari ya komo gida, dangi su tara kuɗin fansa. Mai dangi masu hali yakan dawo. Wanda ba a fanso ba, shi ne ya zama kakan wani a gidan da ba nasu ba.

Bautar wannan yanki ba irin ta Kano da Zazzau ba ce, inda manya ke da rinji, ƙauye guda na bayi suna noma wa ubangida. Nan ƙasar ba ta da kwanciyar hankalin da za a baza bayi a daji, don haka da yawa daga cikin waɗanda aka kamo sayar da su ake yi, ko a karɓi fansarsu, sauran kuma a riƙe su a cikin gida. Waɗanda aka fi riƙewa mata ne da yara. Namiji baligi ya san hanyar garinsu, zai gudu. Yarinya kuwa za ta yi daka, ta yi niƙa, ta ɗebo ruwa, ta yi noma, ta girma ta zama ƙwarƙwara ta haifa wa gida 'ya'ya. Wani abu kuma da ya bambanta ƙasar Maraɗi shi ne, matan talakawa 'ya'ya, musamman a gidajen Anna masu bin al'adun gargajiya, su ma suna fita gona, suna aikin gandu, suna da gamanarsu. Saboda haka in baƙo ya tsaya a bakin rijiya ya ga mata biyu da tulu, ba lalle ya iya cewa ga ɗiya ga baiwa ba. Bambancin yana cikin abin da ido ba ya gani: ɗaya an biya sadakinta, tana da gidan uban da za ta yi yaji, tana iya neman saki; ɗayar ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun. Wannan kusanci na zahiri shi ne ya sa daga baya aka iya ɓatar da sawun bauta cikin sauƙi haka.

Nasara bai shigo da 'yanci a hannunsa ba. Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine da ta ratso ƙasar a 1899, daga Birnin Ƙonni ta Tsibiri zuwa ƙasar Tasawa, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane, ita kanta tana jan ɗaruruwan matan da ta kama, ana rarraba wa sojoji a matsayin lada. A Ɗankori suka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, ran 14 ga Yuli, kafin sojojinsu su juya musu, kaburburansu na nan a Maijirgi. Sai ran 12 ga Disamba 1905 Faransa ta fitar da dokar da ta hana saye da sayar da mutum da duk wata yarjejeniyar raba mutum da 'yancinsa a yankunanta na Afirka ta Yamma. Dokar ba ta aiki kowa gida-gida ya kira bayi ya sallame su ba. Abin da hukuma ta yi shi ne ta daina mayar wa ubangiji bawan da ya gudu, ta bar sauran ga wanda yake da ƙarfin zuciyar tafiya. Kwamandoji kuwa, waɗanda ke bukatar sarakuna su tara musu haraji da 'yan aikin tilas, sun ga ba su da riba a tone-tone. A takardunsu suka daina rubuta bawa, suka koma rubuta mai hidima. Aikin tilas ɗin nasu ma bai ƙare ba sai 1946. Ke nan shirun daga sama ya fara. Ba a taɓa yin wata rana a Tsibiri ko Gazawa da aka buga tambari aka ce bauta ta ƙare ba, balle a ce ga haƙƙin wanda aka bautar. An dai daina ambaton ta.

Ga maza, wannan ya isa. Da hare-hare suka tsaya, dajin da tsoro ya hana nomawa ya buɗe, arewa da gulbi da kuma tsakanin tsofaffin garuruwa masu kafi. Cikin rabin farko na ƙarni na ashirin mutane suka yi ta fita, kowa da gatarinsa da iyalinsa, ya sari daji, ya haƙa rijiya, wasu su biyo shi, wurin ya zama Gidan Wane ko Garin Wane. Yawancin masu fitar nan talakawa ne 'ya'ya da ke neman fili, amma a cikin taron wanda aka haifa cikin bauta ma ya sami mafaka, don a sabon ƙauye wanda ya riga zuwa shi ne mai asali. Sai ga gyaɗa, wadda daga shekarun 1930 har zuwa na 1960 ta zama abin da ake biyan haraji da shi, ake aure da shi, ake zuwa Makka da shi. Mutumin da ya cika rumbu, ya sa ɗansa makarantar allo, ya aurar da 'yarsa ga maƙwabci, jikansa ba ya da wata alama da za a nuna. Har Buzayen da suka baro iyayengijinsu a arewa da yawa sun bi wannan hanya, suka zauna cikin Hausawa, suka ɗauki harshe da sana'a, kamar yadda Benedetta Rossi ta nuna a bincikenta kan ƙasar Adar. Duk wanda ya kwatanta wannan da wasu sassan Sahel, inda har yau zuriyar bayi ke da unguwarsu daban kuma ba a yarda ɗansu ya ja salla, dole ya yaba wa Hausawa. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a nan haɗiye magana ta ceci mutane da yawa.

Mace ba ta da gatari da daji. Baiwar da ta haihu a gidan ubangijinta, in ta tafi ta bar 'ya'yanta, don 'ya'ya na uba ne. Wadda aka kamo tana ƙarama ba ta ma san sunan garinsu ba. In ta kai ƙara, ubangiji zai ce matarsa ce, kuma Nasara ya riga ya yanke wa kansa cewa aure harkar al'ada ce, ba ya sa baki. A ƙetaren iyaka Ingilishi ma haka suka yi: sun bar ƙwarƙwaranci a hannun alƙalai, ba su soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Barbara Cooper, wadda ta yi hira da matan Maraɗi ta rubuta littafinta kan tarihin aure a can, wanda ya fito a 1997, ta kai ga wani hukunci da nake ganin shi ne mabuɗin zancen. Da aka daina samun bayi, aikin da suke yi bai ragu ba, hatsi na bukatar daka, rijiya ba ta matso ba. Manyan gidaje sai suka cike gurbin da ƙarin mata da ƙwaraƙwarai da 'yan riƙo, galibi yara daga ƙauye, daga gidajen da ba su da bakin magana. Uwargida mai asali ta zauna a ɗaki, amarya ƙarama ta gaji turmi da tulun kuyanga. Faransa ta yi dokar Mandel a 1939 kan shekarun aure da yardar yarinya, ta ƙara da ta Jacquinot a 1951 kan kuɗin aure, amma a ƙauyukan Gobir da Katsinan Maraɗi waɗannan ba su wuce takarda ba.

Sawun abin yana nan ga mai lura, kuma a wurin biki aka fi ganinsa. Maroƙi zai miƙe ya ɗaga murya ya jero ango: ɗan wane, jikan wane, wanda ya yi kaza a yaƙin kaza. Uwa ma in 'yar gidan sarauta ce ko ta malamai, za a kira ubanta a kira garinsu. Amma akwai kakar da in an zo kanta sai a ce Allah ya ji ƙanta, a wuce. Tsofaffin gida sun san ɗakinta, sun san ita ta yi renon rabin gidan, sun san tuwonta, amma ba wanda ya taɓa ganin ɗan'uwanta ya zo gaisuwar salla, ba a taɓa cewa ta tafi ganin gida ba, kuma sunan da ake kiranta da shi ba na yanka ba ne. Maroƙin ya san dalili sarai, sana'arsa ce ya sani, kuma rabin kyautar da ake ba shi ta abin da bai faɗa ba ce. Sai dai shirun yana da ranar da yake tsagewa. Ran da saurayi ya kai gaisuwa gidan da ke ji da asalinsa, za a tura dattijo ya yi bincike, ya dawo ya yi raɗa, a mayar da kaya a ce ba rabo. Ran da aka zo neman sarauta ko limanci, ko gardamar gona ta yi zafi, sai wani ya jefo kalma ɗaya da aka yi shekara tamanin ba a furta ba. Abin da aka ce an manta, ashe ajiye shi aka yi, kuma a hannun masu ƙarfi ajiyar take, su suke zaɓen ranar fito da ita.

Har kulle yana da alaƙa da wannan tarihi, ko da yake ba shi kaɗai ne tushensa ba, addini da koyi da birni suna da nasu kason. Tunda a manyan gidaje baiwa ce ke fita ɗiya ke zama, zaman ɗaki da lulluɓi suka zama shaidar cewa mace ba baiwar kowa ba ce. M. G. Smith ya ga haka a ƙasar Zazzau, inda matan da suka fita daga bauta suka janye daga gona, Cooper kuma ta ga irinsa a Maraɗi, inda mata da kansu suka riƙa neman a raba su da aikin rana don kare darajarsu. Dabara ce mai ma'ana a lokacinta. Amma ƙasa ta cika, gonaki suka tsuke, sai dabarar ta juya musu. Binciken da Marthe Diarra da Marie Monimart suka buga a 2006 ya nuna yadda a ƙauyukan kudancin jihar Maraɗi mazan da ba su da filin da za su yanka wa matansu gamana suke fakewa da kulle: mace tana zuwa rijiya, tana zuwa itace, gona kaɗai aka hana ta. Kullen gona ake ce masa. Matar da kakarta ta bar fartanya don kada a ce mata baiwa, yau ita ce ba ta da damin gero ɗaya da za ta ce nata ne.

Za a ce, kuma masu hankali ne za su faɗa, mene ne amfanin tada wannan? Wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Addini ya yi umarni da rufa asirin Musulmi, kuma in aka buɗe bakin tsofaffi, waɗanda za su sha kunya jikokin bayi ne, ba jikokin masu bayi ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma na yarda da rabinta: ba wanda yake da haƙƙin nuna gidan wani ya ce ga asalinsu, wanda ya yi haka azzalumi ne. Amma rufin asirin da addini ya yaba na mai laifi ne da ya tuba. Yarinyar da aka sace a bakin kafin Gazawa wane laifi ta yi da za a rufa mata asiri? Da muka sa labarinta cikin jerin abin kunya, tare da sata da cikin shege, mun yarda ke nan cewa aibin nata ne. Shi ya sa har yau wanda kakansa ya kamo mutane yana iya zama a gaban makaɗa ana wasa shi da yaƙe-yaƙen kakan, yana liƙi, wanda aka kamo kakarsa kuwa yana addu'ar kada a tambaya. Shirun ya kare mutane ɗaiɗai, amma ya bar ma'aunin da ake auna su da shi yadda yake, kuma muddin ma'aunin na nan, kariyar aro ce.

Wasu kuma za su kawo hujjar shari'a: Musulunci ya halatta sa-ɗaka, ɗanta ɗa ne mai gado, ita kuma tana 'yantuwa ran da ubangijinta ya rasu, kuma sarakuna da yawa a ƙasar Hausa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne. Duk gaskiya ne. Sai dai shari'ar da ta faɗi haka ita ce kuma ta sa sharaɗin wanda ya halatta a bautar, kuma malaman wannan yanki sun daɗe da sanin ana taka sharaɗin. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa cewa mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno da Songhai Musulmi ne, mallakarsu haramun ce. Shi kansa jihadin, ɗaya daga cikin abin da ya kunna shi shi ne kama Musulmin Gimbana, jama'ar Abdussalami, da rundunar Gobir ta yi. Bayan haka kowane ɓangare ya ci gaba da abin da ya zargi ɗayan da shi: Sakkwato ta ɗauki mutanen Tsibiri da Maraɗi a matsayin waɗanda yaƙarsu ta halatta, su kuma Maraɗawa manoman Katsina masu salla suke kwasowa. In kuwa a ƙarni na goma sha tara hujjar tana da rauni haka, bayan 1905 ba ta da ƙafar tsayawa ko kaɗan, don babu yaƙin da aka kama kowa a cikinsa. Zancen ɗan ƙwarƙwara da ya hau gadon sarauta kuma labarin ɗan ne. A tambayi masu ba da shi sunan uban uwar da garinsu, a ga ko za a samu.

Hujjar da aka fi saurin kawowa ita ce wannan duk ya wuce, abin da ya rage kuwa, wato wahaya, sayen 'yar bayi a mayar da ita ƙwarƙwara, matsalar Tawa ce da Abzinawa, ba ta Maraɗi ba. Gaskiya ne binciken Timidria, ƙungiyar yaƙi da bauta da aka kafa a 1991, ya fi samun wahayu a tsakanin Ƙonni da Illela da Madawa da Buza, kuma gaskiya ne tushen 'yan matan gidajen bayin Abzinawa ne, waɗanda Faransa ta ƙyale a hannun iyayengijinsu don ta zauna lafiya da shugabannin makiyaya. Amma Madawa maƙwabciyar Gidan Rumji ce a kan kwalta ɗaya, kuma masu sayen da yawa Hausawa ne masu hali, a Nijar da Arewacin Nijeriya. Shari'ar Hadijatou Mani ta isa misali. An sayar da ita a 1996 tana shekara 12, a kan jika 240 na sefa, ga wani dattijo Bahaushe. A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A 2005 mutumin ya ba ta takardar 'yanci, sa'an nan ya hana ta tafiya, ya ce ai matarsa ce. Da ta auri wanda take so, ita aka yanke wa wata shida a kan aure kan aure. Sai ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ECOWAS, wadda a Nijar ake kira CEDEAO, ta ce an bautar da ita, gwamnati ta kasa kare ta, ta biya ta sefa miliyan 10. Abin lura a nan shi ne kalmar da mutumin ya fake da ita, wadda alƙalan ƙasa suka saurara. Ita ce dai kalmar da iyayengiji suka gaya wa kwamanda shekara ɗari kafin nan, a wannan yanki da sauransu. Ba a ɗaure kowa a kan wahaya ba sai a 2014, a Ƙonni, shekara huɗu. Ƙofar kotun CEDEAO kuwa ta rufe, Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka wadda ke cikin irin wannan hali yau gaban alƙalin gida za ta fara zuwa, shi ma ɗan wannan tarbiyya ta kada a tona ne.

Saura ƙorafin cewa yawancin shaidun nan daga alƙalamin baƙi suka fito, Barth da Smith da Cooper, kuma baƙo yakan ga abin da ya zo nema. Ƙorafi ne mai kyau, amma kanmu yake komawa. Hausawa sun taɓa rubuta wannan zance da hannunsu: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a shekarun 1930, labarin yaron da aka sace ne da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, kuma an karanta shi a makarantu ba wanda ya ce an ci mutuncin kowa. Abin da ba mu yi ba shi ne ɗaukar irin wannan labari daga bakin matan ƙauyukanmu. Masu tarihin baka sun je fadar Tsibiri da ta Maraɗi sun rubuta jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe, don nan ne ake da wanda aikinsa ba da tarihi. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da aka kafa musamman don tattara tarihin baka, a Maraɗi akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ɗalibai mata 'yan Cadakori da Gangara da Cadawa waɗanda za su iya shiga ɗakin da namiji baƙo ba zai shiga ba. Ana iya ɗaukar labari a sakaya sunan gida da na ƙauye, masu bincike sun saba yin haka, kuma a haɗa shi da rahotannin kwamandoji da ke ajiye a Yamai da Dakar. Tsohuwar da ta haura tamanin yau, kakarta ta ga duniya kafin 1905, kuma a gidan Hausa kaka da jika suna da wasan da ke sa a gaya wa jika abin da ba a gaya wa ɗa. Waɗannan tsofaffi su ne na ƙarshe da suka ji labarin daga bakin wadda abin ya faru a kanta, kuma shekara goma zuwa goma sha biyar nan gaba ba za a same su ba.